Batir ya mutu ina tsaka da ɗaukar hirar Baffa, fayil ya nuna 0 KB: ina muryar ta shiga?

Baban Walida, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin na'urar ɗaukar murya, don tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba.

Baffana, yayan mahaifinmu, shi kaɗai ya rage a 'yan ɗakinsu. Ya haura tamanin. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi dakon gyaɗa da auduga tun ba a haife mu ba. Bayan ƙaramar salla na ɗaura niyyar zuwa wurinsa duk Asabar in ɗauki labarinsa, saboda shi ne ya san asalin gidanmu, wa ya haifi wa, daga ina kakanmu ya taso. Na sayi 'yar rikoda ta hannu, mai makirfo biyu a ka, mai cin ƙananan batir biyu, na sa mata katin memori na 16 GB. Wanda ya sayar min ne ya saita ta. A allonta an rubuta WAV 48k/24bit, kuma ban taɓa canza komai ba.

Asabar ɗin nan Baffa ya tashi da ƙarfin jiki. Ya sha kununsa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, na ajiye rikodar a kan matashi kusa da gwiwarsa. Ranar bakinsa ya buɗe yadda ban taɓa ji ba. Ya ba ni labarin canjin hannu na 1972, lokacin da motoci suka bar hagu suka koma dama, yadda ya ɗaura ƙyalle a hannunsa na dama don kada ya manta a kwana. Ya shiga labarin shigowar naira da kwabo a 1973, da yadda tsofaffi a kasuwa suka daɗe suna lissafi da fam da sule. Daga nan ya gangaro kan abin da na fi so, ya jero sunayen kakanni bakwai da matansu da garuruwan da aka binne su. Na shagala da sauraro. Da aka kira azahar na duba, allo ya mutu. Batir ya ƙare ban sani ba. A ƙiyasina an ɗauki kamar awa ɗaya da minti arba'in.

Na sa sabon batir, sunan fayil ɗin yana nan a jeri, amma ya ƙi buɗuwa. Na sa katin a kwamfuta, suna yana nan, girmansa 0 KB. Kwamfutar ta tambaye ni ko ta duba katin ta gyara, ban yarda ba, na zare shi na naɗe a takarda.

Tambayata ita ce, wai ita na'urar nan tana ajiye murya ne a lokacin da ake magana, ko sai an danna tsayawa take zubawa a kati? In sai an danna ne, to in haƙura. Sannan makon jiya mun yi awa biyu da rabi, na tarar ta raba hirar gida biyu ba tare da na taɓa ta ba. Ko dai da ma na'urar tana da matsala? Baffa ba kullum yake da irin wannan ƙarfin ba, jiya ma kwana ya yi yana tari.

Mai Studiyo, Kano

Wa alaikumus salam Malam Baban Walida. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Kafin komai: katin nan kada ka mayar da shi cikin rikoda, kada ka sa shi a waya, kada ka yarda a yi masa fomat. Ƙin yarda da ka yi kwamfuta ta gyara shi ne babban abin da ka yi daidai. Ina kyautata zaton muryar Baffa tana ciki, kuma bari in gaya maka dalili.

A cikin makirfo akwai ɗan tantani, kamar na kalangu amma siriri ƙwarai. Magana tana kaɗa iska, iska ta kaɗa tantanin, kaɗawar ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka. A zamanin kaset wannan hawa da saukar ake shafawa a jikin zare yadda take. Rikoda irin taka auna wutar take yi ta rubuta lamba, ta sake aunawa ta sake rubutawa. Wannan 48k da kake gani, ma'anarsa tana yin awon nan sau 48,000 a kowane sakan ɗaya. Ba a zaɓi adadin da ka ba. Ƙa'idar ita ce yawan awo ya ninka mafi siririn sautin da ake son kamawa, kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa kaɗawa 20,000 a sakan, shi ma ga yaro mai lafiyar kunne. Shi ya sa faifan CD, da Sony da Philips suka fitar a 1982, ya tsaya a 44,100, masu aikin fim kuma suka riƙe 48,000. Shi kuma 24bit, ƙanƙantar ma'aunin ne. Da 16bit awo yana da matakai 65,536, da 24bit ya haura miliyan 16. Kamar ɗinkin hula ne, gwargwadon ƙanƙantar sukar allura, gwargwadon fitowar zane.

To yi lissafi. Awo ɗaya na 24bit bait 3 ne, tunda bit takwas ne bait ɗaya. Makirfo biyu, bait 6. Sau 48,000, ya zama bait 288,000 a sakan, wato sama kaɗan da 17 MB a minti, kusan 1 GB a awa. Hirarka ta minti ɗari ta kai 1.7 GB. 'Yar rikoda ba ta da cikin da za ta riƙe wannan lodin har sai ka danna tsayawa. Ɗan ma'aji ne gare ta mai ɗaukar abu kaɗan, yana cika tana juyewa a kati, yana cika tana juyewa. Don haka amsar tambayarka ta farko: tana rubutawa ne Baffa yana magana.

Me ya kawo 0 KB ke nan? Ka taɓa tsayawa a bakin sito a Dawanau ana sauke mota? Malamin sito yakan buɗe littafi ya rubuta sunan mai kaya, ya bar gurbin adadi, 'yan dako su yi ta shiga da buhuna. Sai an sauke na ƙarshe yake rubuta buhu kaza, a layi kaza. In aka kira shi gida kafin a gama, littafi zai nuna suna babu adadi, alhali buhuna suna jibge a ciki. Kati ma littafi gare shi. An yanka cikinsa ƙananan gurabe, akwai kuma wuri a farkonsa da ake rubuta sunan kowane fayil, girmansa, da guraben da ya zauna. Kana danna ɗauka, rikoda ta rubuta suna, ta sa girma sifili, ta shiga zuba lambobi. Kana danna tsayawa, ta koma ta cike adadin. Naka batir ya mutu kafin malamin sito ya dawo.

Akwai wuri na biyu da ake barin gurbi. Shi fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka tsara a 1991, yana da ɗan goshi a farkonsa, a mafi sauƙinsa bait 44 kacal. A nan ake faɗin awo nawa ne a sakan, bit nawa, makirfo nawa, da tsawon sautin da ke biye. Tsawon nan ma sai an tsaya ake cike shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga fayil da girmansa cif, amma ya ƙi kunnuwa. Wannan ya fi naka sauƙi.

Haɗarin da kake ciki guda ɗaya ne. Tunda littafi bai san da buhunanka ba, wurin a idon na'ura fili ne. Duk sabon abin da aka rubuta a katin, ko hoto ɗaya ne, yana iya sauka a kan sunayen kakanninka, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi.

Ga yadda nake yi in an kawo min irin wannan. Zan sa katin a babbar rigarsa, wato adaftar da ake zura ƙaramin kati a ciki, in tura ɗan makullin da ke gefe zuwa ƙasa don kada kwamfuta ta rubuta komai. Sannan in kwafe katin gaba ɗayansa, daga gurbin farko zuwa na ƙarshe har da inda ake cewa fili ne, ya zama fayil ɗaya na 16 GB. Manhajar Win32 Disk Imager tana yin wannan, kyauta ce. Daga nan asalin kati ya koma takardarsa, aiki a kan kwafin ake yi. Sai in buɗe Audacity, manhajar gyaran sauti, ita ma kyauta ce, in shiga File, Import, Raw Data. Wannan ƙofar ba ta neman goshi, kai ne za ka gaya mata abin da goshin zai faɗa: Signed 24-bit PCM, Little-endian, tasha biyu (wato makirfo biyu), 48000. Kada ka shigo da duka lokaci guda, ɗauko kashi goma cikin ɗari, ka duba, ka matsa gaba. In ka ji shuuu kamar rediyo ba tasha, kada ka karaya. Tunda kowane awo bait 3 ne, wataƙila ka fara karatu daga tsakiyar lamba. Ƙara 1 a kan lambar Start offset, wato inda za a fara karatu, in bai yi ba ƙara 2. Ɗaya daga cikinsu zai ba ka magana tas. Ka rage ƙarar abin kunne kafin ka kunna, don inda ba sauti ba ne ƙara ce mai huda kunne.

Za ka fara cin karo da tsofaffin hirarrakinku, har da waɗanda ka goge. Mai yiwuwa ta Asabar tana bayan ta makon jiya, in dai katin bai taɓa cika ba.

Batun rabuwa gida biyu kuwa, lafiyar na'urarka lau. Gurbin rubuta tsawo a goshin WAV ba ya ɗaukar abin da ya wuce 4 GB, kuma tsarin FAT32 da ake yi wa katunan da ba su wuce 32 GB ba shi ma iyakar fayil ɗaya 4 GB ne. Rikodoji da yawa ma tun a 2 GB suke rufe fayil su buɗe sabo. A saitinka 2 GB awa biyu ne da minti huɗu. Duba na farkon, za ka ga tsawonsa ke nan. Jera su a Audacity, za su haɗu.

Maman Sadik, Kaduna

Sannu Baban Walida, Allah ya ba Baffa sauƙi. Bayanin Malam ya wadatar, ni abin da aikin rediyo ya koya min zan ƙara.

Na taɓa rasa hira da wata ungozoma a ƙauye ta wannan hanyar, kuma ni ban yi dabararka ba, na ci gaba da ɗauka a kan katin har yamma. Tun daga ranar ba na barin fayil ya wuce minti ashirin ko talatin. Tsoho zai tsaya ya kurɓi ruwa, ko wani ya yi sallama, to a nan nake danna tsayawa in sake danna ɗauka. Sakan biyu ne, amma duk abin da ya gabata an rufe shi an rubuta a littafin da Malam ya faɗa. Batir kuma sabo nake sawa kowace hira, tsohon ya koma tocila. Alamar batir a allo tana yaudara, za ta nuna sanda biyu, can sai ta faɗi gaba ɗaya. In rikodarka tana karɓar wuta ta USB, haɗa ta da fawabank. Wayarka ma ka ajiye ta a gefe tana ɗauka, ko ba ta kai rikoda kyau ba.

Ka saita kwanan wata da lokaci a na'urar, don duk fayil da su ake yi masa hatimi. Kuma ka buɗe kowace hira da bakinka: yau ranar kaza, muna zauren Baffa wane, a unguwa kaza. Sunan fayil yana iya canzawa ko ya ɓace, kamar yadda kake gani yanzu, amma abin da ka faɗa yana cikin sautin.

Abin da ban gane ba, Malam Mai Studiyo, me zai sa a ɗauki hirar mutum ɗaya da wannan saitin mai nauyi? Mu rahoto da MP3 muke ɗauka, 128k, awa guda ba ta kai 60 MB ba, kuma mai sauraro bai taɓa kuka ba.

Mai Studiyo, Kano

Hajiya, ga rahoton da za a sa yau gobe a wuce, gaskiyarki. Har ma MP3 yana da wata fa'ida a irin wannan matsalar: guntu-guntu ake jera shi, kowane guntu da ɗan goshinsa, don haka ko an yanke shi a tsakiya yana kunnuwa.

Amma ƙanƙantarsa ba kyauta ba ce. Masu binciken da suka haɗa shi, akasarinsu a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, sun gina shi ne a kan zubar da sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba. Awar da WAV na CD zai ci 635 MB, shi ya ci ƙasa da 60, to sauran an watsar ne, kuma ba ya dawowa. In an zo rage ƙarar janareta ko ɗaga muryar da ta yi ƙasa, a nan ramukan suke fitowa, in aka sake matse shi kuma ya ƙara lalacewa. Muryar dattijo ba ta tafiya daidai. Zai yi ƙasa kamar raɗa in ya zo kan sunan mahaifiyarsa, can ya yi dariya ko tari. Da 24bit kana iya barin ma'aunin ƙara yana wasa wajen -12, ƙasa da ƙololuwarsa, tari ba zai fasa ba, raɗar kuma in ka ɗaga ta daga baya za ta fito da tsabta. Abin da jikoki za su ji bayan shekara talatin, ni a WAV zan bar shi, in fitar wa dangi MP3 daga jikinsa. Gidajen rediyon Turai ma da suka tashi tsara nasu a 1997, WAV ɗin suka ɗauka suka faɗaɗa masa goshi ya ɗauki bayani da kwanan wata da lokaci, suka kira shi BWF.

In nauyi ne damuwa, Baban Walida ya mayar da ita makirfo ɗaya, girman ya ragu da rabi.

Wani abu kuma ga masu manyan rikodoji na studiyo, tunda na san suna karantawa. A can waƙa ɗaya ba fayil ɗaya ba ce. Folda ce, murya da nata fayil, kalangu da nasa, 'yan amshi da nasu, sannan wani ɗan ƙaramin fayil da ke riƙe da bayanin wane zai shigo a ina. In ka yanke wuri a allo, bayanin ka canza, sautin yana nan. Yara da yawa sukan kwafi ɗan ƙaramin su bar foldar, su zo suna cewa aiki ya ɓace. Wasu tsofaffin injuna masu faifai a ciki, irin Alesis HD24, tsarin rubutunsu ma nasu ne na kansu. In ka zare faifan ka haɗa da kwamfuta kai tsaye za ta ce ba ta gane shi ba, ta nemi yin fomat. Wanda ya ce mata to, ya share aikin shekara.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum. Ni gyaran salula nake yi, ina kuma saida kati. Yaya Baban Walida, in Allah ya sa ka samu, ka gwada katin nan kafin ka sake amince masa. Akwai na jabu da yawa a kasuwa. A jiki an rubuta 64 GB, kwamfuta ma ta nuna 64, amma cikinsa 8 ne. Yana cika sai ya riƙa karɓar kaya yana zubarwa, sunaye suna nan a jeri, ciki babu komai. Akwai manhaja H2testw, tana cika kati da lambobi ta sake karantawa, ta gaya maka gaskiyar cikinsa. Amma sai ka kwashe komai tukuna. Bayan nan fomat ɗin a cikin rikodar za ka yi, ba a kwamfuta ba.

Kuma kati ba wurin ajiya ba ne. Caji ne ɗan mitsitsi yake riƙe da lambobin, in an jefa shi a akwati shekaru, ga zafin ƙasarmu, yana iya zubewa. Ka sa kwafi a kwamfuta, wani a faifan waje a gidan wani ɗan uwa, wani a intanet. In za ka tura wa wanda zai adana ta WhatsApp, tura asalin fayil ɗin a matsayin dokumen. Kada ka kunna a sipika wani ya ɗauka da saƙon murya, na ga masu yin haka da karatun malamai.

Baban Walida, Gusau

Alhamdu lillahi. 'Yan uwa, an samu.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ya zo da laftof ɗinsa jiya bayan isha'i. Mun kulle katin kamar yadda Malam ya ce, kwafewar ta ɗauki kusan minti ashirin. Kashin farko da muka shigo da shi, hirarmu ta watan jiya ce. Muka yi ta matsawa. A kashi na huɗu muka ji ƙarshen ta makon jiya, inda nake cewa Baffa a huta haka, daga nan sai shuuu. Gabana ya faɗi. Yaron ya sa 1, shuuu. Ya sa 2. Sai ga zane ya fito a allo mai tudu da kwari, ya danna, na ji ƙarar cokali a kwanon kunu, na ji kaina ina cewa Baffa ina kwana. Sai da na fita tsakar gida na tsaya tukuna.

Awa ɗaya da minti talatin da takwas muka samu. Kakanni bakwai duk suna ciki. Ya yanke ne a inda yake faɗin garin da aka aurar da ƙanwar kakanmu, ya ce "aka kai ta" sai shiru. Mun fitar da shi WAV, yanzu yana wuri uku, na duba fayil na farko na hirar makon jiya kuma, awa biyu da minti huɗu ne daidai.

Malam Mai Studiyo, Hajiya Maman Sadik, ɗan uwa na Maraɗi, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabatanku. Da safen nan na kai wa Baffa na sa masa abin kunne. Ya saurara har wajen sunayen, ya ɗaga hannu in tsayar, ya ce matar kaka na biyar ya faɗe ta ba daidai ba, kishiyarta ya ambata. Ya ce in zo ranar Asabar da wuri a gyara, a kuma ƙarasa zancen wadda aka aurar. Na riga na sayi batir kwali guda.